Uwar adashe, ba kanki ne ya taɓu ba

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce a wani ƙauye a ƙasar Ringim, shekaruna 37, 'ya'yana shida, ina goyon na ƙarshe. Shekara tara ke nan ina riƙe da adashen matan unguwarmu, hannu 24, zubin naira 2,000 duk Juma'a. Da can da ka nake riƙe komai, ko tsakar dare aka tashe ni zan faɗi wadda ta zuba da wadda ta yi fashi. Bara maigida ya sayo mini babbar waya, ɗana ya koya mini ɗaukar murya, duk wadda ta aiko sai in faɗa wa waya. Watan jiya aka sace ta a gidan biki. Wallahi Anti na zauna in tuna, kaina fayau. Maƙwabciyata ta rantse ta aiko da zubin mako biyu ta hannun 'yarta, ni kuma ban tuna ba, har ta kai ba ma gaisawa. Ranar da aka sace wayar ko lambar maigida kasa kawowa na yi. Izu goma da na haddace a Islamiyya suna ta zubewa, alhali kullum ina sauraron karatu a waya. Salla kuwa sai ƙabli da ba'adi. Uwar mijina ta ce hannu aka sa mini. Ni kuma tsorona kakata, wadda ta rikice kafin ta rasu har ba ta gane 'ya'yanta. Kaina ne ya fara taɓuwa, ko wayar ce ta cinye mini ƙwaƙwalwa?

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya mayar miki da mafi alheri, ya raya mana goyo.

Kafin maganar kai, akwai wadda ba ta jira. Ba ki faɗa mini ko an rufe layin ba. In ba a rufe ba, a rufe shi yau. Ɓarayin waya na yanzu sun fi son layin a kan wayar, domin da shi ake laluben asusun banki. Maigida ya raka ki ofishin kamfanin layin da lambarki ta NIN, a kashe wancan sim ɗin, a dawo miki da lambarki a sabo, a kuma sanar da banki in akwai asusu a kai.

To, kai. Matar da ta kawo adadin hannu da kuɗin zubi da ranarsa, ta jero yadda abu ya faru daki-daki, ba ta yi mini kama da wadda kanta ya taɓu ba. Akwai gwajin asibiti da zan ce ki yi, za mu zo kansa. Amma abin da na gani a wasiƙarki ya fi abin da kike tsoro sauƙi nesa ba kusa ba: zubin nan da kike ta matsa wa kanki ki tuna, tun farko bai shiga kan ba.

Ƙwaƙwalwa ba ta ɗaukar duk abin da ya gilma ta gabanta. Abin da ido ya gani ko kunne ya ji yakan fara sauka ne a wani ɗan wuri kamar faifai, wanda ba ya cin kaya da yawa, kuma in ba a juya kayan ba, cikin daƙiƙa ashirin zuwa talatin sun watse. A 1956 wani masani a Amurka, George Miller, ya kiyasta cewa faifan nan yana ɗaukar abu bakwai ko kusa da haka. Na bayansa, irin su Nelson Cowan a 2001, suka ce huɗu ya fi kusa da gaskiya. Shi ya sa ba mai karanto lambar waya mai alƙaluma 11 a dunƙule, sai ya yanka ta gida uku. Abin da zai wuce daga faifai ya shiga rumbu ya shekara, sai wanda aka tsaya a kansa, aka juya shi, aka jingina shi da wani abu da aka riga aka sani.

Ki tuna yadda Juma'arki take kafin waya. Yarinya ta yi sallama da farantin talla a ka, ta miƙo kuɗi a cukuikuye. Ki warware, ki ƙirga, ki ga ɗari biyar ɗin nan da aka liƙe da salatif, ki ce "ki ce wa babarki na gani," ki ɗaga murfin langa ki jefa. Kina tankaɗe kina cewa a ranki, ta gidan liman ta kawo, saura amaryar gidan mai nama. Da magariba ki sake bi. Kin kwanta ma kina zaga unguwa a zuci gida-gida, daga bakin rijiya har bayan masallaci, nan an kawo, nan ba a kawo ba. Zubi ɗaya sai ya ratsa kanki sau da yawa kafin gari ya waye. Wannan zaga gidaje a zuci, ko kin sani ko ba ki sani ba, ita ce dabarar da masu jawabi na tsohuwar Girka da Rum suke riƙe dogon jawabi da ita. Mutane suna cewa Allah ya ba ki kai, kuma gaskiya ne, amma ke ma aiki kike ba kan nan duk mako.

Da waya ta zo, sai aikin ya koma na ƙiftawa da bismilla. Ki danna, ki ce wance ta kawo, ki ajiye, ki koma bakin murhu. Ba ƙirgen zuci, ba zaga gidaje, don me za ki wahala tunda yana ciki? An gwada irin wannan a 2011. Betsy Sparrow ta Jami'ar Kolombiya da abokan aikinta suka ba ɗalibai bayanai 40 su buga a kwamfuta. Rabi aka ce musu za a adana abin da suka buga, rabi aka ce za a goge. Da aka zo tambaya, waɗanda suka zaci za a goge su suka fi tunawa. A wani zagayen kuma aka ga mutane sun fi tuna inda aka ajiye bayani fiye da bayanin kansa. Ke ma abin da kanki ya riƙe ke nan, "yana cikin waya," kuma har yau kin tuna wannan sarai. Lambar maigida ma haka. Yaushe rabon da ki danna ta lamba-lamba? Sunansa kike taɓawa.

Duk da haka ban yarda waya ta cinye miki ƙwaƙwalwa ba, kuma kar masu cewa waya ta gama da kawunan mutane su firgita ki. A 2018 an maimaita wani sashe na binciken nan, ba a sami abin da aka samu da farko ba. Wani binciken na 2015 ma ya nuna wanda ya adana bayani a kwamfuta yakan fi riƙe sabon abin da ya koya bayansa, domin ya sauke wancan nauyin. Sauke wa wani abu nauyin tunawa ba yau aka fara ba. Iyayenmu sun ja zane da gawayi a bangon ɗaki, fatake sun rubuta bashi da ajami. Ke da maigida ma haka kuke rabawa ba tare da kun zauna kun shirya ba, shi ya san ranar da aka zuba taki a gona, ke kin san watan da aka yaye kowane yaro. Kuskuren, wanda ɗanki ma yana da kasonsa a ciki, shi ne ajiye amanar mutum 24 a wuri ɗaya tak, kuma wurin da ke shiga aljihun ɓarawo.

Inda nake tuhumar waya da gaske shi ne hankali da barci. Ba ki faɗa ba, amma bari in tambaya: lokacin da yaran suke kawo zubi, ba bidiyo ke tafiya a ɗaya hannun ba? Abin da aka karɓa da rabin hankali, rabinsa ma ba ya zama. Ƙabli da ba'adinki ma ina zargin daga nan ne. Wadda ta ajiye waya ta tayar da kabbara nan take, jikinta ne a kan sallaya, zuciyar tana can cikin rigimar da ta baro a TikTok. Ki riƙa ajiye ta tun kafin alwala. Kuma ki kwantar da hankalinki, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi mantuwa a salla, ya ce shi mutum ne kamarmu, yana mantawa kamar yadda muke mantawa.

Barci kuwa, a cikinsa ne ƙwaƙwalwa take kwashe abin da aka tara da rana ta kai ma'ajiya. Akwai wani sashe can ciki da likitoci ke kira hifokamfus, wanda idan mutum ya yi barci mai nauyi yake sake bin abubuwan ranar yana miƙa su inda za su daɗe. Babban mutum yana buƙatar awa bakwai ko fiye. Mai goyo dama barcinta a yanke yake, ta tashi shayarwa, ta tashi Asuba, ga yara biyar da za a sallama. In kuma aka ƙara da shiga gidan sauro da waya ana bin fim mai dogon zango har ɗayan dare, me ya rage? Idan Allah ya hore wata wayar, ta riƙa kwana nesa da shimfiɗarki.

Haddarki ita ta fi taɓa ni, kuma ita ce na fi tabbacin za ta dawo. Sauraro daban, kawowa daban. Idan alaramma yana karantawa a waya kina binsa, kowace aya sai ki ji kin san ta, kuma kin san ta ɗin, amma shi ne ke jan ki. Ranar da aka ce ke ki ja, sai ki tsaya. An auna wannan a 2006 a wata jami'a a Amurka. Roediger da Karpicke suka ba ɗalibai wani rubutu. Wasu suka yi ta maimaita karanta shi, wasu suka karanta a zama ɗaya aka karɓe takardar aka yi ta sa su kawo da ka. Bayan mako guda, masu maimaita karatu sun tuna kashi 40 cikin ɗari, masu kawowa da ka sun tuna kashi 61. Abin dariyar, masu maimaitawar su suka fi tabbacin za su tuna. Malaman tsangayunmu ba su jira wannan bincike ba. Almajiri ba ya wanke allo sai ya kife shi ya biya wa malam da ka, kuma gardi ba ya barin tilawar baya don ya ɗauki sabon karatu. Hadisin Abu Musal Ash'ari da ke cikin Bukhari da Muslim ya riga ya gargaɗe mu cewa Alƙur'ani ya fi raƙumi saurin kuɓucewa daga dabaibayi, sai an riƙa bibiyarsa. Ke nan zubewar hadda ba alamar ciwo ba ce, halinta ne in an bar ta.

Ga abin da zai faranta miki. Bajamushen nan Hermann Ebbinghaus, wanda a 1885 ya wallafa gwajin da ya yi a kan kansa na haddace gaɓoɓin da ba su da ma'ana, ya ga fiye da rabi yana zubewa cikin awa guda, sannan zubar ta lafa. Amma ya ga wani abu kuma: abin da ka taɓa haddacewa ka manta, sake ɗaukarsa ya fi na farko sauri. Izu gomanki suna nan a kwance. Bayan Asuba, kafin gida ya tashi, ki ɗauki shafi ɗaya, ki rufe Mus'hafin, ki kawo da ka, sai kin maƙale sannan ki buɗe. Wannan maƙalewar da kike jin kunyarta, ita ce aikin. Gobe ki fara da na jiya, bayan kwana uku ki waiwaye shi, bayan mako ki sake. Minti goma sha biyar kullum ya fi awa biyu ranar Juma'a. Ki tsaya kan Mus'hafi bugu ɗaya, domin ido yana riƙe inda aya ta faɗo a shafi. In kina da 'ya mai zuwa Islamiyya, ki ba ta ta riƙe miki kina biyawa. Za ta ji daɗin gyara wa uwarta, ki ƙyale ta. Sauraron waya kuma ki ci gaba da shi lokacin wanki da girki, yana gyara baki.

Batun kakarki, Allah ya jiƙanta. Gigin tsufa, wanda likitoci ke kira cutar mantuwa, galibi bayan shekara 65 yake bayyana, kuma kamanninsa daban ne. Mai shi yakan ɓata a hanyar gidan da ya saba zuwa, ya yi tambaya ɗaya sau biyar a zama guda, mace ta kasa haɗa miyar da ta shekara talatin tana yi, kuma sau da yawa na kusa da shi ne ke lura kafin shi. A shekarunki, da haihuwa shida da goyo, abin da na fi so a duba shi ne jini. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya gano kashi 58 cikin ɗari na matan Nijeriya masu shekara 15 zuwa 49 suna da ƙarancin jini, kuma ƙarancin jini yana kawo kasala da jiri da rashin tattara hankali. Ki je babban asibitin Ringim a auna jininki, a duba hawan jini da suga, a taɓa wuyanki ko akwai alamar maƙoƙo. Ki faɗa wa likita duk maganin da kike sha, har wanda ake sayowa a kemis, domin masu sa barci daga cikinsu suna dusashe kai. In kina yawan kuka ba dalili, ko komai ya fita ranki tun bayan haihuwar nan, ki faɗa, ciwon damuwa ne kuma yana da magani. In kuwa 'yan gida suka ga irin alamomin da na ambata, a wuce Asibitin Malam Aminu Kano ko na tarayya da ke Birnin Kudu ba tare da jinkiri ba.

Uwar mijinki ƙauna ce ta sa ta magana. Ki gode mata, ki riƙe azkar ɗinki safe da yamma. Abin da nake gudu shi ne, maganar an sa hannu ba ta tsayawa sai ta nemo mai hannun, kuma kin san gidan da za a fara nunawa a wannan yanayi.

Maƙwabciyarki. Ina so ki saurare ni da kyau a nan, domin mai yiwuwa ne ku biyun babu mai ƙarya. Tunawa ba kamar kunna muryar da aka ɗauka ba ce. Duk lokacin da mutum ya tuna abu, sake haɗa shi yake yi, yana cike gurbi da abin da ya saba da abin da aka faɗa masa. A 1974 Elizabeth Loftus da John Palmer suka nuna wa mutane fim ɗin haɗarin mota. Wasu aka tambaye su gudun motocin lokacin da suka "bugi juna," wasu lokacin da suka "ragargaji juna." Bayan mako aka tambaye su ko sun ga fasasshen gilashi. Cikin 50 da aka tambaya da kalma mai nauyi, 16 suka ce sun gani. Cikin ɗaya 50 ɗin, 7 ne kawai. Babu fasasshen gilashi ko ɗaya a fim ɗin. Kuma abin da ake yi duk mako shi ya fi saurin cakuɗewa. Maƙwabciyarki tana ganin kanta ƙuru-ƙuru tana miƙa wa 'yarta kuɗi, amma wace Juma'a ce daga cikin ɗaruruwan Juma'o'in da ta yi hakan? Rantsuwarta tana iya zama da zuciya ɗaya kuma ta zama kuskure. Rashin tunawarki kuma ba hujja ba ce cewa kuɗin bai zo ba.

Saboda haka ku bar gardamar wa ya tuna, ku nemi abin da ba ya dogara da kan kowa. Hannu 24 a naira 2,000 ya kama naira 48,000. Matan da suka kwashi adashe a makonnin nan biyu, cif suka karɓa ko da giɓi? In cif ne kuma ba ki yi ciko daga aljihunki ba, kuɗinta ya zo, magana ta ƙare. Waɗanda suka saba turo miki saƙon murya a WhatsApp, saƙonnin suna nan a wayoyinsu. Waɗanda suka turo ta banki ko ta mai POS, akwai shaida a asusu. In ɗanki ya taɓa kunna ajiyar WhatsApp a Google, da lambarki da adireshin imel ɗin da aka buɗe wayar da shi hirarrakin za su dawo. Yarinyar kuma a tambaye ta a hankali, ba a gaban taro ba, ba da bulala ba, kuma kar a sa mata magana a baki. A ce "ba mu labarin ranar," kar a ce "ai kin kai, ko?" Yaro abin da ya ga babba yana so ya ji shi yake tunawa.

In an yi duk wannan ba a gano ba, ra'ayina ki biya naira 4,000 ɗin. Na san ba ƙaramin kuɗi ba ne a ƙauye. Amma riƙe lissafi amanarki ce, kuma a hannunki ya ɓata. Ki je da ƙafarki, kar ki aika yaro, ki ce mata lissafi ya salwanta a wurinki, ba ki ce ta yi ƙarya ba. Kar ki yarda a kai ga dafa Alƙur'ani a kan wannan.

Daga Juma'ar nan kuma sai littafi. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, kuma ta sauka ne ga mutanen da suke haddace dogayen ƙasidu da ji. Ki sayi littafin rubutu na 'yan makaranta, sunaye a gefe, kwanan wata a sama, da boko ko da ajami. Kowace mace ta sami ɗan katinta da yarinya za ta riƙa zuwa da shi ki sa hannu a gabanta. Da yamma ɗanki ya ɗauki hoton shafin ya tura wa mutum biyu daga cikin 'yan adashen. Wata za ta ce rubutu rashin yarda ne. Ki karanta mata ayar. In kina son kan ya ci gaba da aiki, ki zaga unguwar a zuci kamar da, ki faɗi waɗanda suka kawo, sannan ki buɗe littafin ki gani ko kin dace. Lambar maigida da ta wani ɗan'uwanki ɗaya kuma ki haddace su, ki rubuta su a bangon littafin daga ciki.

Ki rubuto mini in an yi gwajin jinin.